Hanyar Rani a Gonar Baba Tanko

Shekarar da aka ɗauke fam da sule aka kawo naira da kwabo, wadda ta biyo bayan shekarar da aka mai da motoci hannun dama, ita ce shekarar da rijiyar garinmu ta ƙafe. Ku da kuka tashi kuka tarar da famfo a bakin masallaci ba lalle ku gane nauyin wannan magana ba, amma ku bi ni a hankali. A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na auri mahaifiyarku Hanne, yayarku Bilki tana goye a bayanta. Inna tana da rai. Babanmu Audu kuwa ya rasu da shekara biyu, Allah ya jiƙansa. Kuma ina da keke. Baƙi ne, mai faffaɗar kariya, na sayo shi a kasuwar Tsanyawa da gyaɗar ƙarshe da ta yi mana albarka. Na ɗaura masa tuntayen ulu ja da kore, na sa masa ƙararrawa mai zaƙin murya, kullum da yamma sai na goge shi da tsumma. Inna takan ce da zan riƙa goge allona yadda nake goge wannan ƙarfe, da tuni na zama gwani.

Sai na gaya muku yadda hanyoyinmu suke, don labarin a kansu yake. A ƙasarmu gona tana manne da gona, babu jeji ko na ɗaure akuya. Hanya iri biyu gare mu. Akwai burtali, hanyar shanu, yana nan rani da damina, amma kewaye yake yi, ga rairayi har idon sawu, keke ba ya tafiya a cikinsa sai turi. Akwai kuma hanyar rani. Da an kwashe amfani an kai gida, sai ƙafa ta fara ratsa gonaki, wannan ya bi, wancan ya bi sawunsa, kafin mako biyu hanya ta fito fes, ba wanda ya share ta, ba wanda ya nemi izini. Haka za a yi ta bin ta har ruwan shuka ya sauka. Ran da mai gona ya yi shuka, sai ya saro ƙaya ya jibge a bakin hanyar ta kowane gefe. Shi ke nan, hanya ta mutu sai baɗi. Ba shela, ba mai unguwa, ko jaki ya san ya juya.

To, da rijiyarmu ta ƙafe, ruwa ya rage a wuri guda, wata tsohuwar rijiya can a fadama. Ta burtali, tafiya ce mai gajiyarwa. Ta hanyar rani kuwa, wadda ta ratsa tsakiyar gonar Baba Tanko, miƙaƙƙiya ce, ƙasarta da tauri, kuma da ɗan gangare wajen zuwa. Rijiyar ba ta da ƙarfi. Wanda ya riga zuwa shi yake samun ruwa garau, wanda ya makara sai ya kwaso jan ruwa rabinsa laka. Mu biyar ne masu keke a garin, kowa da garwa biyu ɗaure a gefen kariya da tsohuwar robar taya. Da liman ya sallame sallar Asuba, addu'a ma a gurguje muke shafa ta. Kai, 'ya'yana! Allah ya yafe mana, amma ban taɓa jin daɗin gudu irin na wannan lokaci ba. Garewani babu kome a ciki suna ƙara kamar ana biki, iska tana cika riga, ƙararrawa biyar suna tashi gaba ɗaya, mata masu tuluna suna tsalle gefe suna ɗebe mana albarka. Babban abokin karawata shi ne Garba mai faci, dogo, siriri, mai dariya kamar zai shiɗe. In ya wuce ni sai ya waiwayo ya ce,

"Malam, a ajiye maka laka nawa?"

Yunwa tana gari, dusa ake tankaɗewa a tuƙa, amma mu a kan kekunan nan mun manta da ita.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, kowa ya yi shuka, ta tsiro, rana ta ƙone ta. Ya sake yayyafi, aka sake shuka, ta sake ƙonewa. Iri ya fara ƙarewa a hannun mutane. Baba Tanko bai yi shuka ko sau ɗaya ba. Gajeren tsoho ne, abokin mahaifinmu tun suna samari, shi da matarsa tsohuwa da jikoki uku marayu a gidan. Yana da ƙwarya guda ta wani gajeren gero mai nuna da wuri, wanda ya gada wurin ubansa. Ya hana tukunya, ya hana ƙasa, yana duban sama yana jira. Da ya ga watanni suna tafiya, sai ya yanke shawarar yin binne, wato ya sa iri a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya bar shi ya jira ruwan da Allah zai kawo. Ya juye ƙwaryar nan duka. Bai rage ko tafi ɗaya ba. Iyakar abin da ya bari ba shuka shi ne tsakiyar hanyar, faɗin sawu guda, don mata masu zuwa rijiya.

Mu ba mu sani ba. Washegari muka taho a guje, Garba a gaba, sai kawai muka ji fuuus, muka ga ƙafafunsa a sama, garewaninsa sun yi nasu wuri. Ƙaya ce jibge a bakin hanya. Baba Tanko yana zaune a gindin gawo da carbinsa. Muka sauka, muka durƙusa muka gaishe shi kamar yadda aka saba. Garba yana cire ƙaya daga gwiwar hannu ya ce,

"Baba, ashe an yi ruwa jiya ba mu ji ba?"

"Ba a yi ba."

"To ƙayar ta mece ce?"

"Irina yana ƙasa. Na bar wa masu ƙafa layi guda, ga shi can ta gefen ƙayar. Masu ƙarfe su bi burtali."

"Burtali, Baba? Kafin mu tura keke mu kai, ai ko kwaɗi sun gama wanka."

Sai duk suka juyo suka dube ni. A garin ni nake rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, ni nake karanta wadda ta zo, saboda haka in gardama ta tashi tsakanin samari, ni ake jira. A nan na yi abin da nake so ku sani, don kada wani ya gaya muku cewa ubanku mai gaskiya ne tun yana yaro. Na gyara murya, na ce,

"Baba, Allah ya ja kwana. Abin da muka gada shi ne, ruwa ke rufe hanyar rani, ƙaya shaida ce kawai. Tun da ruwan kirki bai sauka ba, har yanzu rani ne. Hanyar jama'a ce."

Ya dube ni. Ya ce,

"A wane littafi?"

"Ba sai an duba littafi ba, Baba, kowa ya sani."

"To, ɗan Audu. Kai ne mai karatu."

Na sa sanda na janye ƙayar da hannuna. Abokaina suka yi shewa. Muka hau muka wuce, muna cewa Malam ya yi fatawa. Har ga Allah a ranar ji nake na yi nasara irin ta manyan malamai.

Tsohon nan bai kai ƙara ba, bai kuma sake yi mana magana ba, sai ya shiga yaƙi da dabara. Bayan kwana biyu muka tarar ya kafa dirka biyu a bakin hanya, tsakaninsu daidai faɗin mutum. Mace da tulu a ka sai ta wuce sumul. Keke mai garwa biyu a gefe kuwa sai ya maƙale. In za ka bi, dole ka sauka, ka kwance garewani, ka wuce da keke, ka dawo ka ɗauko su, ka sake ɗaurewa, ka yi haka a wancan bakin ma. Da mun yi haƙuri da wannan, da ba a yi ɓarna ba, don mai turin keke a layi guda ba ya taka kome. Amma wa zai tsaya kwance roba alhali Garba yana gaba? Sai muka kewaye dirkokin ta dama. Ya kawo kututturen dabino ya gindaya a daman, muka bi ta hagu. Ya haƙa ɗan kwalbati a hagun, Garba ya koyi ɗaga tayar gaba ya tsallake, mu ma muka koya. Kullum da safe muna ɗokin mu ga abin da ya ƙirƙiro. Har caca ta baki muke yi a hanya, wannan ya ce yau turmi zai sa, wancan ya ce tsohuwarsa zai zaunar. Duk kewayen da muka yi, hanya ƙara faɗi take. Kuma da yake tsere muke, in ka ga na gabanka ya rage gudu sai ka fita layi ka wuce shi ta cikin gona. Tayoyi suna tone ramuka, kurciyoyi suna bin bayanmu suna tsince abin da ya fito. Mun gan su. Ba mu tsaya mun yi tunanin abin da suke tsinta ba.

Ran wata Alhamis bayan La'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Aka yi ruwa, ruwa na gaske, irin wanda yake da ƙanshi. Maza da mata muka fito tsakar gida, Inna tana kuka tana hamdala, Hanne ta jera duk ƙwaryar da ke gidan a ƙarƙashin indararo, Bilki tana ɓangala dariya ruwa yana dukan fuskarta. Ruwan bai kai ga tayar da rijiyar gari ba, amma ya jiƙa gonaki. Da safe kowa ya fita da ɗan irin da ya rage masa. Ni ma na shuka abin da Inna ta ɓoye a cikin tulu. Yanzu kam ruwa ya rufe hanya, ko a fatawata, sai muka koma burtali.

Kwana biyar bayan haka ina tura keke a rairayi, sai na hango Baba Tanko tsaye a kan iyakar gonarsa yana yafuto ni. Na jingine keke na je. Subhanallahi! Gonar ta yi kore shar, layi-layi, ta riga ta kowa a garin, don irinsa yana ƙasa tun kafin ruwa. Amma a tsakiyarta, daga wannan baki har wancan, ga wani fili fari fat, faɗinsa ya kai taku shida, a bakin dirkokin ma ya fi haka. Ko tsiro ɗaya babu. Sawun tayoyinmu ne kwance a kai, ruwa ma bai goge su duka ba. Ya nuna da sandarsa, ya ce,

"Ɗan Audu, kai ne mai karatu. Karanta mini wannan."

Na durƙusa na ce,

"Baba, ka yafe mini."

"Ni ba ni da iri. Ka san ba ni da shi. Abincin yaran nan na wata biyu ke nan kuka bi ta kai kuna kaɗa ƙararrawa. In na ce na yafe, bakina ne ya faɗa, cikinsu bai faɗa ba. Tashi ka tafi, ruwanka zai yi laka."

Na koma gida ban iya cin kome ba. Na gaya wa Inna duka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi,

"Ran da aka haife ka, Tanko ne ya je har Makoda a ƙafa ya gaya wa dangina. Yanzu in na mutu, da wace fuska zai zo ya tsaya a kaina?"

"Inna, sauran ma sun bi."

"Sauran sun janye ƙaya? Sauran aka tambaya?"

Hanne tana daga bakin murhu ta ce, a hankali,

"Malam, ba a dashen gero ne? A gidanmu in rami ya yi tsiro da yawa, Baba yakan cire ya kai inda ya yi gibi."

Wallahi kamar an buɗe mini taga. Na miƙe tsaye har ina tuntuɓe da akushi. Tsoho ya zuba iri da yawa a kowane rami saboda tsoron kada wani ya mutu, ga shi duk sun fito. In sun kai tsawon ɗani, dole a rage su, abin da aka rage kuwa zubarwa ake yi. Na koma wurinsa a ranar. Ya saurare ni, ya ce dashe ba ya kamawa sai da ruwa a kai a kai, kuma shi ba shi da ƙarfin da zai sassauta ƙasar da muka daddaɓe. Na ce ni zan yi. Ya ce gona dai ga ta nan.

Kwana huɗu ina saran filin nan da fartanya, ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Da aka sake samun ruwa, na bi ramuka ina cire tsiro da saiwarsa, ina kaiwa ina dasawa, Baba Tanko yana biye da ni yana cewa na cika zurfi, na cika matsi, wa ya koya mini noma. Muka gama, filin ya yi kyau, na yi ta murna. Daga nan sai sama ta ɗauke. Kwana uku, kwana biyar, mako guda. Geron da ya tsiro a wurinsa ya jure, amma dashen ya fara lanƙwasa kai.

A nan ne abin ya zo kan gidanmu. Garwa biyu nake kawowa a sawu, sawu biyu a rana, su muke sha, su muke girki. Na ce zan riƙa kai rabi gonar Baba Tanko. Inna ta ce a kai. Hanne ta ce,

"To wankin Bilki fa?"

"Sai a rage."

"An rage tun tuni, Malam. Abin da ya saura ba ya raguwa."

Ta tashi ta ɗauko tulu da gammo ta ajiye a bakin ƙofa. Tun daga ranar ta shiga layin mata, da goyo a baya, tana bin sawu gudan nan da tsoho ya bari, tana wucewa tsakanin dirkokinsa. Ku riƙe wannan game da mahaifiyarku. Laifin nawa ne, wuyanta ne ya ɗauki rabinsa.

Ni kuwa na koma sawu huɗu a rana, duk ta burtali, ina turi, garewani cike, taya tana nutsewa, gumi yana shiga ido. Tsere ya ƙare mini. Kullum laka nake kawowa gida, sai Inna ta zuba toka ta bar shi ya kwanta. A gona ina bin dashe da gwangwanin madara, kowane gindi gwangwani guda, in na kai ƙarshe na farko ya bushe. Tawa gonar ciyawa ta ci rabinta. Garba ya fara da tsokana, in ya gan ni sai ya ce,

"Sannu Malam mai shayar da gero! A kawo masa fura ma?"

Rana ta huɗu na zo na tarar da layi biyu a jiƙe, ga sawun dogayen ƙafafu. Da na tambaye shi sai ya ce garwarsa ce take yoyo, ya rasa inda zai zubar. Haka ta yi ta yoyo kullum har kwana goma sha ɗaya, ran da ruwa ya dawo. Ranar ina tsakiyar filin da gwangwani a hannu ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. Na jefar da gwangwanin sama, na yi ta kabbara ni kaɗai kamar ran Idi.

Ba duka ya rayu ba. Wajen bakin dirkoki, inda muka fi daddaɓewa, ya mutu. Abin da ya kama ya fi rabi kaɗan, kuma bai yi tsawon 'yan'uwansa ba, amma ya fid da kai, ya yi ido. Damina ta ɗauke da wuri a shekarar, geron mutane da yawa ya tsaya bai cika ba, namu ma abin da muka samu bai kai mu tsakiyar rani ba, sai da na tafi cin rani Kano. Gajeren geron Baba Tanko kuwa ya riga ya nuna. Duk tsawon watannin nan ina gaishe shi yana amsawa, amma kalmar da nake jira bai faɗa ba, ni kuma ban sake roƙo ba. Ita nake kwana da ita nake tashi, don na karanta abin da aka ce game da haƙƙin maƙwabci, na kuma san ba istigfari ke ɗauke shi ba.

Bayan an kwashe amfani ya aiko jikarsa ta ce in zo da hantsi, kuma in zo da keke. Na same shi a bakin gona ya tuge dirkokin nan biyu ya kwantar. Ya nuna mini wasu dammunan gero da ya ware gefe, ya ce na dashe ne, ba za a ci su ba sai in an rasa yadda za a yi, su zai ajiye iri, don geron da ya rayu a kan gwangwanin madara ba ƙaramin gero ba ne. Sannan ya zagaya keken, ya taɓa sirdi, ya latsa ƙararrawa, ya ja da baya da ta yi ƙara. Ya ce,

"Saura abu guda. Wata biyu ina zaune a gindin gawon can ina kallonku kuna wucewa kuna ihu kamar mahaukata. Na rasa abin da ke cikin abin nan da zai sa ɗan Audu ya yi mini ƙarya da sunan karatu. Ɗora ni in ji."

"Baba, da gangare fa."

"Na san da gangare, gonata ce."

Ya tattare riga ya zauna a kariya, ya ƙanƙame ni kamar zai karya mini haƙarƙari, yana karanta duk addu'ar da ya sani. Na taka a hankali. Muka shiga gangaren, keke ya fara ɗaukar kansa, karan gero yana wucewa ta gefe. Na kai hannu birki, sai na ji ya daki bayana.

"Kada ka taɓa! Ƙara! Ƙara mana, ɗan Audu!"

Na ƙara. Hularsa ta tashi, bai ko waiwaya ba. Mata masu dawowa daga rijiya suka watse gefe, tuluna a ka, baki buɗe, tsoho yana yi musu ihu su ba da hanya. Ban tsaya ba sai a bakin fadama. Ya sauko, ya zauna a ƙasa, yana dariya har hawaye suna bin gemunsa. Da numfashinsa ya dawo ya kama hannuna ya ce,

"Ashe haka ne. To, da ni ne ma da na janye ƙayar. Na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ce amin. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi hawan da ke gabanmu, ya ce,

"Komawa kuma kai za ka tura, ni ina kai."